Wa ya fi tasiri a tarihin Kano Pillars? Ni dai Rabi'u Ali na zaɓa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in tofa albarkacin bakina kan wani musu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a garin nan, wato wai wane ne ya fi kowa tasiri a tarihin Kano Pillars. Tun da aka naɗa Ahmed Musa janar manajan kulob ɗin a 2025 maganar ta sake tasowa, a gidajen kallon bal, a teburin mai shayi, a Facebook kuwa ba a cewa komai, yara matasa sai rubutu suke wai tun da aka kafa Pillars ba a taɓa yin kamar Ahmed ba kuma ba za a yi ba, duk wanda ya ce a'a sai a yi masa caa a ce hassada ce ke damunsa. To ni ba hassada nake ba wallahi, kuma ina cikin masu cewa a'a.

Bari in fara ba Ahmed haƙƙinsa tukuna don kar a ce na tauye shi. Yaron nan ya zo mana daga Jos yana ɗan shekara 17, a kakar 2009/2010 ya zura ƙwallo 18 a lig, wanda a lokacin shi ne adadi mafi yawa da wani ya taɓa ci a kaka ɗaya tun da aka fara lig na ƙwararru, sai daga baya Jude Aneke na Kaduna United ya ci 20, sannan Mfon Udoh na Enyimba ya kai 23 a 2014. Daga nan sai VVV Venlo ta Holan, sai CSKA Moscow a Rasha, sai Leicester a Ingila a 2016, sai Al Nassr ta Saudiyya. Ya ɗauki kofin Afirka a 2013, ya ci Ajantina biyu a kofin duniya na 2014, ya ci Iceland biyu a na 2018, kuma babu wanda ya kai shi yawan buga wa Super Eagles wasa. Ya dawo Pillars a 2021 na ɗan lokaci, ya sake dawowa a 2024 tare da Shehu Abdullahi, kuma kowa ya ga yadda dawowar tasa ta sa 'yan jaridar Legas da ko kallon lig ɗin gida ba sa yi suka fara waiwayo mu. Ya zuba dukiyarsa a Kano, ya gina wajen wasanni, yana taimakon mutane, wannan duk ba a musu. In tambayar ita ce wane ne ɗan wasa mafi suna da ya taɓa saka rigar Pillars, to ba sai an yi zaɓe ba, Ahmed ne, a tashi kawai.

Amma ai tambayar kenan ba ita ba ce. Ana maganar wanda in ka cire shi daga tarihin kulob ɗin tarihin zai canza ne. Cire Ahmed ka gani, kofunan lig huɗu da muke taƙama da su, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, duk suna nan daram, don babu ko ɗaya da aka ɗauka yana cikin tim, a kakar da ya ci 18 ɗin ma Enyimba ce ta tafi da kofin. Kofin ƙalubale na 2019 ma yana Saudiyya aka ɗauko shi. Duk manyan abubuwan da ya sa duniya ta san shi a rigar wasu ya yi su, ko a rigar ƙasa, mu dai muna murna ne saboda namu ne.

Yanzu cire Rabi'u Ali ka gani abin da zai rage.

Mutumin nan da muke kira Pele, lamba 10, shi ne a tsakiyar fili lokacin da aka ɗauki lig sau uku a jere, abin da kafin nan Iwuanyanwu Nationale da Enyimba ne kawai suka taɓa yi. Duk wanda yake shiga filin wasa na Sani Abacha a shekarun nan ya san yadda abin yake, da an samu firikik a bakin gidan gola sai ka ga mutane sun miƙe tsaye tun kafin a jera katanga, wasu ma har sun fara murna, saboda an san wa zai buga kuma an san inda za ta. Fenareti kuwa in ya ajiye bal ɗin sai dai gola ya yi ta addu'a. Ba shi da gudun Ahmed, ba ya ma buƙatarsa, ƙwallonsa ta kai ce, ya tare ya ɗaga kai ya ba da fasin ɗin da ɗan gaba sai dai kawai ya sa ƙafa. Gambo Mohammed ya ci ƙwallaye da yawa a Pillars, Junior Lokosa ya ci 19 a 2018 ya zama wanda ya fi kowa ci a lig, a je a tambaye su daga ƙafar wa yawancin bal ɗin take fitowa. Shi kansa kuma yana ɗan tsakiya ya haura ƙwallo 100 a lig ɗin Najeriya, wanda 'yan gaba da yawa sun yi ritaya ba su ko kusa ba.

Kuma masu cewa ai a gida kawai yake iyawa, su tuna gasar CHAN ta 2014 a Afirka ta Kudu, wadda marigayi Stephen Keshi ya kai 'yan wasan gida zalla. Wasan kusa da na kusa da na ƙarshe da Maroko, kafin a tafi hutun rabin lokaci an ɗura mana uku ba ko ɗaya, gidajen kallo da yawa a Kano mutane sun fara ficewa, aka dawo aka farke duka aka ci 4-3 a ƙarin lokaci, kuma ɗaya daga cikin ƙwallayen nan Rabi'u ne ya ci. Aka ƙare na uku a gasar. A 2018 ma yana cikin waɗanda Salisu Yusuf ya kai har wasan ƙarshe a Maroko, duk da dai a ranar masu masaukin sun yi mana 4-0, ba ma son tunawa.

Amma ni duk ba wannan ne ya sa na ɗora shi a sama ba. Abin da ya sa shi ne zama. A lig ɗin nan namu ɗan wasa in ya yi kaka biyu masu kyau sai ka ji ya tafi, ko Enyimba ta ɗauke, ko Rivers, ko ya tafi gwaji wata ƙasa da ba ka taɓa jin ana bal a cikinta ba, kuma ban ga laifinsu ba don kowa cikinsa yake nema wa, albashin lig ɗin gida kuwa kowa ya san yadda yake, wani lokaci a biya wani lokaci a ce a yi haƙuri. Shi bawan Allahn nan ya zauna. Kocina sun zo sun tafi, shugabannin kulob sun zo sun tafi, gwamnati ta canza daga Kwankwaso zuwa Ganduje zuwa Abba, abokan wasansa na farko wasu sun zama kocina wasu sun koma kasuwa, shi yana nan da kambun kyaftin a hannu, ya haura shekara 40 yana cin ƙwallo a gaban yaran da a haife ya haife su. Abin kamar gida ne mai 'ya'ya biyu, ɗaya ya tafi ƙasar waje Allah ya buɗa masa yana aike ana alfahari da shi a unguwa, ɗaya kuma ya zauna shi ne kai tsoho asibiti shi ne gyaran katanga in damina ta rushe ta, to duka 'ya'ya ne na albarka amma in ana maganar wanda ya riƙe gidan an san ko waye.

A duba 2018 da 2019 kawai. Wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, wanda a lokacin ake kira kofin Aiteo, a Asaba da Enugu Rangers, Rabi'u ne ya fara ci, muka kai 3-0, a Kano an riga an fara hawa babura ana hon, wasu sun fara lissafin inda za a tari kofi, kawai a mintunan ƙarshe Rangers suka farke ukun nan tas suka kuma cinye mu a fenareti. Ban taɓa ganin garin nan ya yi tsit saboda ƙwallo kamar daren nan ba. Irin wannan dukan yana kashe tim gaba ɗaya, akwai kulob ɗin da in aka yi masa haka sai ya shekara biyar bai farfaɗo ba. Amma shekara na zagayowa sai ga su sun sake kai wa wasan ƙarshe, a filin Ahmadu Bello na Kaduna da Niger Tornadoes, aka tashi ba ci, aka je fenareti, wannan karon muka ɗauka da 4-3. Rabon da kofin nan ya zo Kano tun 1953, shekara 66 kenan, tun zamanin Turawa. Koci Ibrahim Musa da ake kira Jugunu ya cancanci yabo a nan sosai don shi ya kai su duka biyun, amma a cikin fili wanda ya tattaro yaran nan bayan abin da ya faru a Asaba kyaftin ne.

Sai 2022 da muka faɗa gasar 'yan dagaji. Nan ne ake gane na gaske. Mutum mai sunansa, mai kofuna, a shekarunsa, da ya ce ya rataye takalmi a lokacin babu mai zarginsa, da ya koma wani kulob ma babu mai cewa don me. Ya bi tim ɗin ƙasa, ya je yana buga wasa a filayen da ko ciyawar kirki babu, har aka dawo Firimiya a 2023. Abin mamaki mu da Heartland da Katsina United tare muka faɗa tare muka dawo.

Ba wai ina cewa mala'ika ba ne fa. Abin da ya faru a filin Agege a Legas a 2019 bayan wasa da Rangers, da ya je ya tsaya wa alƙalin wasa har magoya baya suka ɓarke cikin fili, kuskure ne babba kuma an hukunta shi da dakatarwa, kyaftin bai kamata ya zama shi ne mai kunna wuta ba. Na faɗi wannan ne don masoyansa ma akwai masu wuce gona da iri kamar na Ahmed.

To amma Malam Edita, abin da ya fi ci min rai a musun nan gaba ɗaya shi ne yadda ake yin sa kamar a 2010 aka kafa Pillars. Ka tambayi yaro mai rigar ruwan ɗorawa da kore a Ƙofar Mata yaushe aka kafa kulob ɗin da yake ihu a kai, da wuya ya sani. A 1990 ne, shekarar da aka fara lig na ƙwararru a Najeriya, aka haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA ta hukumar ruwa, da Golden Stars, da ta Bank of the North, aka ce maimakon kowa ya yi ta fama shi kaɗai gara Kano ta fito da ƙungiya ɗaya mai ƙarfi. Wanda ya san halin mutanenmu ya san haɗa kulob uku kowanne da shugabanninsa da magoya bayansa da girman kansa ba ƙaramin aiki ba ne. Mutanen da suka zauna suka yi wannan, irin su Alhaji Ibrahim Galadima, da ba su yi ba da babu abin da za mu yi musu a kai yau. Shi Galadima mutanen kudu abin da suka riƙe game da shi kawai shi ne ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa daga 2002 zuwa 2006, da kuma wasan nan da Angola da aka kawo Kano a 2005 aka tashi 1-1 har muka rasa zuwa kofin duniya a Jamus, sun shekara suna zagin rana da zafin Kano kamar rana ce ta hana 'yan wasa gudu. Mu a nan ya kamata mu san shi da abin da ya fi wannan, kuma ko a 2022 da abubuwa suka dagule shi aka sake nemowa ya riƙe kulob ɗin. In da za a ce in jera, shi ne na biyu a wajena, kuma ba zan yi faɗa da wanda ya sa shi na ɗaya ba.

Kafin Pillars ma akwai Raccah Rovers, wadda ta ɗauki lig ɗin Najeriya a 1978, iyayenmu har yau in suna labarinta sai ka ga fuskarsu ta canza. A shekarar ce ma suka kara da Fluminense ta Barazil a Kaduna, Pele na ainihi yana cikin fili. Son ƙwallon da Pillars ta tarar a Kano, wanda ya sa filinmu yake cika ya batse lokacin da filayen wasu jihohi kujeru ne ke kallon wasa, gadonsa ta yi daga irin su Raccah.

Sai kocina, waɗanda su kam an fi zalunta a wajen tunawa. Shekara 18 Pillars ta yi ba ta ɗauki lig ba. Wanda ya karya wannan shi ne Kadiri Ikhana a 2008, mutumin Edo, yana cikin 'yan Green Eagles da suka ɗauki kofin Afirka a 1980, kuma shi ne ya fara ɗauko wa Najeriya kofin zakarun Afirka da Enyimba a 2003. Ya zo da abin da ba mu da shi a lokacin, wato sanin yadda ake cin lig, cewa ba a gida kawai ake tara maki ba, dole ka je Aba ko Fatakwal ka ƙwato ko da maki ɗaya ne. Kofin farko ya fi kowanne wuya, bayan shi ne yara suka yarda ashe za a iya.

Shekarar da ta biyo baya kuwa, 2009, ita ce har gobe nake ganin ƙololuwar Pillars, sama da kofunan lig ɗin ma. Koci Ivo Sajh ɗan ƙasar Sulobeniya ne yake riƙe da tim. Aka haɗa mu da Al Ahly ta Masar a gasar kofin zakarun Afirka, wadda ita ce ke riƙe da kofin a lokacin, kofinta shida, da su Aboutrika da su Barakat, kowa ya ce an gama da mu. Aka yi 1-1 a gida, aka je Alƙahira aka yi 2-2, muka fitar da su da ƙwallon waje. Yaran yanzu da suke kwana musun Madrid da Barcelona ba su san cewa akwai daren da duk Afirka sunan Kano take kira ba. Muka shiga rukuni da Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da Zesco ta Zambiya muka fito na ɗaya. Sai a wasan kusa da na ƙarshe 'yan gida Heartland suka yi mana 4-0 a Owerri suka zo suka ƙara 1-0, abin ya yi ciwo, Masar ba ta iya da mu ba sai Imo. Tun daga nan kuma ba mu sake leƙa wajen ba, 2013 AC Leopards ta Kongo ta cire mu bayan mun ci ta 4-1 a gida, 2014 AS Vita, 2015 Moghreb Tetouan ta Maroko, 2019 Asante Kotoko ta Gana, kullum da wuri ake sallamo mu. Wannan ma wani abu ne da nake riƙe wa zamanin su Rabi'u, sun mallaki Najeriya amma Afirka ta gagare su, kuma shi ya sa 'yan wasan 2009 suka cancanci a dinga kiran sunansu fiye da yadda ake yi.

Mohammed Baba Ganaru mutumin Borno shi ya ɗauki 2012 da 2013, kofi biyu a jere, babu kocin da ya kai shi yawan lig a Pillars amma sau nawa ka ji an ambace shi a musun nan? Okey Emordi ya zo ya cika na uku a 2014. Ka lura da wani abu, Ikhana daga Edo, Ganaru daga Borno, Emordi daga kudu, Sajh Bature, gola Theophilus Afelokhai da ya shekara da shekaru yana tsare mana raga shi ma ɗan kudu, Shehu Abdullahi Basakkwace, Ahmed ɗin kansa haihuwar Jos. Masu cewa a kori baƙi a bar 'yan Kano zalla su buga, duk lokacin da aka yi rashin nasara biyu sai ka ji wannan waƙar, su je su duba su waye suka ɗauko kofunan.

Akwai kuma waɗanda suka ba da abin da ya fi ƙwallo. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar tim wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja suna tafiya Owerri wasan farko na kaka, 'yan wasa biyar suka ji rauni har da Gambo Mohammed, wanda shekara biyu kafin nan yana Barazil da Super Eagles a gasar kofin nahiyoyi har ya shiga wasa da Sifen. Chinedu Udoji, ɗan baya, tsohon kyaftin ɗin Enyimba, a Fabrairun 2018 ya buga mana wasa da tsohuwar ƙungiyarsa aka zaɓe shi gwarzon wasan, a daren ranar ya rasu a haɗarin mota a cikin garin nan. Marigayi Bello Musa Ƙofar Mata, Allah ya jiƙansa, ɗan unguwar da filin yake. Ga Ahmed Garba Yaro Yaro da manya suke ba mu labarin yadda yake yanka 'yan baya, ga Sani Kaita da daga Pillars ya tafi Sparta Rotterdam a 2005 ya kuma samo azurfa a Olamfik na 2008, amma mutane jan katin da ya samu a wasan Girka a 2010 kawai suka riƙe, kamar bai taɓa yin wani abin kirki ba a rayuwarsa.

Sai mu 'yan kallo, don in gaskiya za a bi mu ma muna cikin masu tasirin, ta alheri da ta tsiya. Daga 2003 har zuwa Agustan 2015 babu ƙungiyar da ta zo Kano ta ci Pillars a lig, shekara 12, wasa 202, sai da Nasarawa United ta zo ta yi mana 2-1. Na san abin da 'yan adawa suke cewa, wai a lig ɗin Najeriya kowa zaki ne a gidansa kuma alƙalan wasa suna tsoron fita da rai, kuma ba zan rantse cewa duk wasa 202 ɗin nan tsaf suke ba, amma ai kowace ƙungiya tana da gida, me ya sa su ba su yi shekara 12 ɗin ba? Cikar filin nan da kiɗa da ihun Sai Masu Gida tun kafin baƙi su sauko daga mota yana karya musu gwiwa, wannan aikinmu ne. To amma mu ɗin dai mu ne muka taimaka wajen tura tim ɗin ƙasa. An mai da filin Sani Abacha wajen killace masu korona a 2020, aka koma Kaduna ana buga wasan gida a can, mutane suna ta kukan a dawo da Pillars gida, da aka dawo a Afrilun 2022 wasa da Katsina United sai wasu ɓata-gari suka tayar da hankali har aka farfasa motar baƙi, aka cire mana maki aka sake kore mu daga gida zuwa Abuja, ƙarshen kaka muka faɗa. Duk kofin da su Rabi'u suka tara, 'yan jifa sun kusa rushe shi a yammaci ɗaya, kuma har yanzu ba mu daina ba, da an farke mana ƙwallo a minti na 90 sai ka ga an fara neman dutse. Wanda yake jifan alƙalin wasa ba masoyin Pillars ba ne ko da kuwa ya yi zanen tambarin kulob a goshi.

Ita gwamnati da take da kulob ɗin ban sa ta a lissafi ba da gangan, don duk gwamnan da aka ɗauki kofi a zamaninsa magoya bayansa za su ce shi ne, 2008 na Shekarau, uku a jere na Kwankwaso, 2019 na Ganduje, in na shiga nan wasiƙar ta koma siyasa kuma ba ita ta kawo ni ba. Abin da zan ce kawai, kuɗin jama'ar Kano ne, kuma duk lokacin da aka biya 'yan wasa haƙƙinsu a kan kari ana gani a fili.

Shi Ahmed kuma ƙofarsa a buɗe take, shi ya sa ma nake ganin masu yabonsa sun yi gaggawa. Yanzu ne ya samu kujerar da zai iya yin tasirin da ake faɗa. In ya sa aka daina bin 'yan wasa bashi, ya samo kamfanonin da za su zuba kuɗi kulob ya rage dogaro da gwamnati, ya gyara harkar tikiti a ƙofa, ya kafa makarantar yara ta gaske da za ta dinga ɗebo yaran da suke buga bal a filayen unguwanni daga Fagge zuwa Gwale zuwa Dala, ya kuma mai da mu Afirka mu wuce inda aka tsaya a 2009, to a ranar ni da kaina zan sake rubuto maka in ce ya wuce kowa.

Roƙona biyu ne kafin in ajiye biro. Na farko ga shugabannin kulob, a shirya wa Rabi'u Ali wasan karramawa na gaske a Sani Abacha, a gayyato tsofaffin abokan wasansa, kuma in ya tashi ajiye takalmi a ba shi aiki a cikin kulob ɗin, kar a bari sai bayan ransa a zo ana jawabi. A samu ko ɗaki ɗaya ne a filin a jera kofunan nan da hotunan tim na kowace shekara da sunayen kocina, yaro ya shiga ya gani da idonsa. Na biyu gare ka ne Malam Edita, shafinku na wasanni kullum Arsenal ne da Man United da cinikin 'yan wasan Turai, wanda duk mun riga mun gani a waya tun kafin jarida ta fito. Ku tura wakilinku ya nemo waɗanda suka buga wa WRECA da Golden Stars da Raccah Rovers, da yawansu suna nan cikin gari sun tsufa, a zauna da su a naɗi labarinsu a dinga bugawa ko sau ɗaya ne a wata, a nemo 'yan wasan da suka je Alƙahira a 2009 su faɗi yadda aka yi da bakinsu. In kun fara ni mai saye ne duk mako, kuma na san ba ni kaɗai ba.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Sai Masu Gida.

Naku,
Wani ɗan kallo daga Fagge, Kano